Ni Ke Auna Rijiyoyin, Wasu Ke Sa Sunansu

Zuwa ga Mai girma Babban Darakta
na cibiyarmu ta binciken ƙasa da ruwa.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta iske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da iyali da dukan ma'aikatan babban buro, wato ofishinku. Allah ya ƙara lafiya, ya taya ka riƙon da ya ɗora maka.

Malam, sunana Rakiya, ɗiyar Garhanga ta gundumar Keita. Ka san ni tun ina ɗaliba, domin kai ka koya muna ilimin ruwan ƙarƙashin ƙasa a jami'a, kuma kana cikin malaman da sunka zauna ranar da na kare kundina na doktora. Shi ya sa bakina ya fi sabawa da ce maka Malam. Shekara tara ke nan ina aiki a reshen cibiyarmu na Madawa. Aikina shi ne auna rijiyoyi, zurfin ruwansu da yawan gishirin da ke ciki, tun daga garaken albasa na kwarin Madawa har Karofane da Ibohamane da garinmu.

Sau biyu na rubuto maka da Faransanci ta hannun shugaban reshe, kamar yadda doka ta ce. Ta farko an ce mini ta iso. Ta biyu ban san inda ta tsaya ba. Wannan ta uku na rubuta ta da Hausa, kuma a buɗe, saboda akwai manoman da maganar ta shafa, ina so in an karanta musu su gane.

Tun farko in faɗi gaskiya: babu wanda ya taɓa zagina a wurin aikin nan. Babu wanda ya taɓa ce mini baƙar fata ko ya ce mace ba ta iya kimiyya. Kowa na gaishe ni da fara'a, ana tambayata yara. Da zagi ne da na huta, da na kawo maka shaidu tun tuni. Abin da ke damuna ƙanana ne, in na ɗauki guda na nuna sai a ce bai kai a yi magana ba. Don haka yau zan jera su wuri guda, ka duba da kanka.

Na ɗaya, maganar suna. A reshenmu mu biyu ke da doktora, ni da abokin aikina Dokta Abdu. Shi kowa na ce mishi Dokta. Ni kuwa Madam Rakiya ce, a baki da a takarda, har cikin jerin sunayen da ake bugawa in za a yi taro. Akwai wani saurayi Bature da abokan hulɗarmu na Turai, waɗanda ke ɗaukar nauyin aikin, sunka aiko muna don ya yi koyon aiki na wata shida. Zan kira shi Toma, ko da yake ba shi ne sunanshi ba. Ranar da ya sauka daga mota ko digiri na biyu bai kammala ba, amma tun daga mai gadi har shugaban reshe anka fara ce mishi Dokta. Da na yi maganar a buro, Dokta Abdu ya yi dariya ya ce, "Haba Madam, mu nan duk gida ɗaya ne, mi ya kawo zancen muƙami?"

Wata rana baƙi sunka zo duba labo, ɗakinmu na gwaje-gwaje. Ina tsaye da farar rigata ta aiki ina gwada ruwan da na ɗebo daga Ibohamane. Ɗaya daga cikinsu ya miƙo mini takardu ya ce in buga mishi kwafi goma, ya kuma tambaya ko Dokta zai daɗe bai fito ba. Malam, na karɓa na je na buga. Har yau in na tuna, ba shi nake jin haushi ba kamar yadda nake jin haushin hannuna da ya karɓa.

Na biyu, maganar taro. Ni na koya wa Toma aiki. Ni na nuna mishi yadda ake zura igiyar awo cikin rijiya ba tare da ya taɓa laka ba, da yadda ake zama a gaisa da mai garka a tambayi iyalinshi kafin a nemi ɗibar ruwa. Ba mugu ba ne. Ya ci tuwo a gidana, shi da maigidana cikin kwano ɗaya. Wata shidan sunka zama shekara, shekara ta zama huɗu. A hankali na lura da wani abu: in na kawo shawara a taro, sai a gyaɗa kai a wuce. Bayan ɗan lokaci in Toma ya maimaita ta da irin nashi lafazin, sai alƙaluma su motsa, kuma a rubuta ta da sunanshi cikin takardar taro. Na taɓa cewa, "Ai abin da na faɗa ke nan ɗazu." Shugaban reshe ya ce, "To madalla, ashe bakinku ɗaya," anka ci gaba.

In kuwa taron da manoma ne, wurina sananne ne: tsakiya, ina tafinta. Dokta Abdu ma Bahaushe ne, amma ba a taɓa tsayar da shi ya yi fassara ba, shi mai jawabi ne. Ni zan wuni ina juya maganar wasu daga Faransanci zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Faransanci, in an zo kan tawa sai a dubi agogo. Haka kuma duk projen da ya zo, wato shirin aikin da masu ba da kuɗi ke kawowa, in yana da ɓangaren mata, ba a tambaya, nawa ne. Ina son matan garuruwanmu, cikinsu na fito. Amma ni ruwan ƙasa na karanta, ban karanta tsara ƙungiyoyi ba, kuma duk ranar da na yi a can rana ce da na rasa a labo.

Na uku, maganar rubutu. Rani shida na yi ina bin rijiyoyi iri ɗaya, wata bayan wata. Sau da yawa bisa babur na yi tafiyar, don motar reshe na wurin baƙi. Da cikin ɗana na biyu na hau tsandaurin Ibohamane. Daga wannan awon na zana taswirar da ke nuna inda ruwan daɗi ya tsaya da inda na zartsi ya fara. Lokacin da binciken ya fito cikin wata mujallar kimiyya ta waje, sunan Toma ne farko, sai na malaminshi na can Turai wanda bai taɓa taka Madawa ba, sai na Dokta Abdu. Nawa yana can ƙarshe cikin godiya, inda anka ce ana gode wa Madam Rakiya wadda ta sauƙaƙa hulɗa da mutanen ƙauye.

Na shiga buron Toma da takardar a hannu. Ya ji kunya, na gani a fuskarshi. Ya ce, "Rakiya, ke kin tattara alƙaluma, mu munka yi nazari. Haka tsarin yake, ba ni na shirya jerin ba." Na buɗe mishi shafin da taswirata take, na ce ya nuna mini layi ɗaya da ya zana. Ya ce zai yi magana da malaminshi. Shekara biyu ke nan.

A shekarar ne kuma rahoton cibiya ya fito da hotona a bangonshi, ina durƙushe bakin rijiya da awo a hannuna. A ƙarƙashi an rubuta cewa wata manomiya ce da ke cin moriyar shirin. Kai ma ka sa hannu a gabatarwar rahoton, Malam. Ban sani ba ko ka dubi bangon.

Da anka gayyaci reshenmu taron masana a waje don a gabatar da wannan aiki, Toma ya tafi. Sai bayan ya dawo na ji labari. Shugaban reshe ya ce mini, "Mun yi tunanin da yara ba za ki samu sukuni ba, mun tausaya miki ne." Ba wanda ya tambaye ni. Maigidana da ya ji, cewa ya yi da shi zai riƙe yaran, ko wata guda ne.

Na huɗu, kuma shi ne ya hana ni yin shiru, maganar Karofane. Bara proje ya yanke shawarar haƙa foraj, wato rijiyoyin burtsatse, masu zurfi a wasu garake, don ruwan rijiyoyin gargajiya na ja baya in rani ya yi nisa. Cikin wuraren da anka zaɓa har da garkar Baba Alkasum, wani dattijo da ya bar ni ina auna rijiyarshi tun shekarata ta farko, wanda ba ya barina in tafi sai ya cika mini leda da albasa ko tumatir. Awona ya nuna cewa a wannan gefen kwarin, in an wuce wani zurfi, ruwan da za a tarar na zartsi ne. Na rubuta haka cikin rahoto mai shafi huɗu, na sa taswira, na kuma faɗa da bakina a taro. Toma ya ce lissafin da anka yi a na'ura can Turai bai nuna hakan ba. Na ce lissafin an gina shi ne a kan wani kwari daban, ni kuwa rijiyoyin nan da hannuna na auna su. Shugaban reshe ya ce, "Madam tana da kusanci da manoman, shi ya sa take jin tsoro a madadinsu. Mun gode da kulawarki." Anka rubuta cewa an tattauna an amince.

Ni anka aika in gaya wa Baba Alkasum za a zo da injin haƙa. Ya dube ni ya ce, "Ɗiyata, ke mi kika gani?" Malam, a nan na yi laifin da ba ni da wanda zan ɗora wa. Na ce mishi manya sun duba sun amince. Ban ce mishi ni ban amince ba, don ina sanye da rigar cibiya, kuma an sha gaya mini cewa ma'aikaci ba ya kwance wa ma'aikatarshi zane a waje. Ya ce, "Tunda ke kika kawo maganar, a zo."

An haƙa, ruwa ya fito da ƙarfi, an ɗauki hotuna. Baba Alkasum ya yi dashe ya cika fangulanshi. Kafin albasar ta yi ƙwai, bakin ganyen ya fara ƙonewa, gefen kowane fangali ya yi fari kamar an barbaɗa kanwa. Na ɗebi ruwan na gwada, na sake gwadawa. Abin da na rubuta ne ya fito. A ranin nan ruduna biyu na ajiyar albasa da yake cikawa kowace shekara, ko guda bai kai rabi ba, kuma ƙasar sai ta sha damana ba ɗaya ba kafin ta wanke.

Da na koma wurinshi bai yi mini faɗa ba. Ya shimfiɗa mini tabarma kamar kullum, ya sa anka kawo mini ruwa. Sai da zan tashi ya ce, "Rakiya, ni ban san Bature ba, ban san darakta ba. Ke na sani." Daga ranar ban ƙara cin abinci da daɗi ba in na san washegari Karofane za ni.

A rahoton ƙarshen shekara an rubuta cewa ƙungiyar bincike ƙarƙashin jagorancin Toma ta gano matsalar gishiri a gefen kwarin, kuma ta ba da shawarar a dakatar da haƙa. Rahotona mai shafi huɗu ba a ambace shi ba. Kwafinshi na nan wurina, da hatimin sakatariya na ranar da na miƙa shi.

Na biyar, muƙamin shugaban sashen ruwa. Da kujerar ta faɗi na nema. Toma anka ba. Na nemi a gaya mini dalili, anka ba ni guda uku: rubuce-rubucena a mujallu kaɗan ne, ban da gogewar tarukan waje, kuma ina saurin sa abu a rai. Malam, dubi yadda abin ya zagayo. An cire sunana daga rubutu, sannan an ce ban da rubutu. An hana ni tafiya don tausayi, sannan an ce ban yi tafiya ba. Na yi magana a kan waɗannan biyun, maganar ta zama dalili na uku. Yanzu wanda na koya wa riƙon awo shi ke cika takardar auna ƙwazona a ƙarshen shekara. A ta bana ya rubuta cewa ni ginshiƙi ce wajen hulɗa da jama'a.

Na nemi wanda zai saurare ni a cikin gida. Da na ce wa Dokta Abdu launin fata na cikin wannan al'amari, ya rufe ƙofar buro ya rage murya ya ce, "Ki rufa muna asiri, Madam. In masu ba da kuɗin nan sunka ji an kawo zancen launi, projen zai tashi, mutum nawa za su zauna gida?" Sai kuma abokan hulɗa sunka aiko wata Baturiya ta yi muna kwana biyu tana horo kan adalci tsakanin maza da mata a wurin aiki. Na keɓe da ita na zayyana mata komai. Ta riƙe hannuna, idonta ya kawo ruwa, sannan ta tambaye ni ko maigidana na barina in fita aiki da daɗin rai. A rahotonta ta rubuta cewa al'adun yankin ne ke danne mata masu ilimi. Maigidana bai taɓa shiga labo ba, kuma ba mutanen Garhanga sunka jera sunayen da ke kan binciken nan ba. Wurin maza 'yan uwana matsalar ta zama ta launi wadda ba a taɓawa, wurin Baturiya ta zama ta al'adarmu. Kowa ya miƙa ni gaba.

Mutane na ce mini in bar aikin mana. Ina za ni? Kayan awon da nake aiki da su, a duk kewayen nan labonmu kaɗai ke da su. Takardar ɗaukata aiki ta ce duk alƙaluman da na tara mallakar cibiya ne, in na fita ƙofa shekara tara za su zauna a cikin na'urar da ba ni da mabuɗinta. Duk inda na nemi wani aiki za a ce in kawo takardar shaida daga shugabana, shugabana kuwa Toma ne. Innata na kwance a Garhanga, ɓarin jikinta ya shanye, ni ce ɗiyarta ta kusa, kowane ƙarshen mako ina can. Kuma in na tafi, wa zai koma Karofane ya auna ko gishirin na raguwa? Kowace safiya in na iso bakin ƙofar cibiya sai na ɗan tsaya kafin in shiga. Mai gadi na zaton waya nake dubawa.

Saboda haka, Mai girma Darakta, ga abin da nake roƙo.

A rubuta wa mujallar nan a gyara jerin sunaye, a sa nawa inda aikina ya kai shi. In ana shakka, a kafa masana daga wajen reshenmu su duba littattafan awona, suna nan da rubutun hannuna da laka a jikinsu.

A fito da rahotona na Karofane a haɗa shi da na ƙarshen shekara. Kuma cibiya ta aika wanda ya fi ni muƙami ya je ya zauna bisa tabarmar Baba Alkasum da sauran manoman da abin ya shafa, ya gaya musu yadda anka yi, a kuma taimaka musu su gyara ƙasarsu. Wannan ya fi mini duk sauran.

A sake duba yadda anka ba da kujerar sashen ruwa, kuma kafin nan a ɗauke takardar auna ƙwazona daga hannun wanda nake ƙara a kanshi. A ɗauki tafinta na gaske don taruka. Tafiya kuwa, in ta taso, a tambaye ni, ni zan faɗi ko ina iyawa.

Ban nemi a kori kowa ba. Toma ya iske ƙofa a buɗe ne ya shiga, mu munka buɗe mishi ita tun kafin ya ƙwanƙwasa, kuma kai ne ke da ikon cewa a daina.

Abu na ƙarshe da ya kamata ka sani: mako mai zuwa wakilan abokan hulɗa za su zo ziyara, kuma Karofane na cikin wuraren da za a kai su. Na ga takardar tsarin ziyarar. An sa ni tafinta. Zan je, zan tsaya inda anka tsayar da ni. Amma na riga na gaya wa shugaban reshe, yanzu kuma ina gaya maka: duk abin da manoman sunka faɗa zan juya shi yadda yake, ba zan rage ba, ba zan sassauta ba. In wani cikin baƙin ya tambaya ko an san da gishirin kafin a haƙa, ba zan jira a ba ni izinin amsawa ba. Na san abin da hakan zai iya jawo mini, na lissafa shi ni da maigidana, kuma ina jin tsoro. Na fi so a ce kai ka riga ni faɗa.

Allah ya ba ka ikon yin adalci ko da a kan waɗanda kake jin nauyinsu. Allah ya tsare ka daga ɗaukar hakkin wani, ya albarkaci zuri'arka, ya sa ilimin da ka koya muna ya zama hujja gare ka ranar gobe. Allah ya ba manomanmu damana mai albarka da ruwa mai daɗi.

Wassalamu alaikum.

Ɗalibarka,
Dokta Rakiya,
sashen ruwa, reshen Madawa.